Mu da ba mu da teku, mi ya kai mu son labarin ɗan fasa-ƙwabri da ɗiyar mai gari?

Ƙanwata ce ta ja ni cikin wanga zance. Kwana uku tana manne da waya, ko tuwo sai an yi mata magana sau biyu kafin ta taso, na ce ke wai mi kike kallo haka ne, ta ce yaya wani labari ne na Turawan da, wai wani mai jirgin ruwa ne ɗan fasa-ƙwabri a Ingila shekaru sama da 200 da sunka wuce, ya kamu da son ɗiyar mai ƙasar garin, uban yarinyar kuma shi ne alƙalin da ke neman a kama shi a rataye. Na yi dariya na ce ke da ko a tabkin Madarunfa ba ki taɓa shiga kwale-kwale ba ina ke ina zancen teku. Na karɓi wayar don in yi mata tsiya, sai ga ni nima har ƙarfe biyun dare ban aje ba.

Irin waɗanga labarai suna da yawa kuma kusan duk a tukunya guda anka dafa su. Gari a bakin teku, kogo a gindin dutse inda ake ɓoye kaya, dare marar farin wata, saurayi mai jirgi wanda hukuma ke nema amma talakawan gari ke ƙauna, sai budurwa ɗiyar babban gida da anka riga anka yi ma miji, tsoho mai gonaki. Sau tari har da ɗan duwan, wato ɗan kwastan, da shi ma yake sonta, don dai miya ta ƙara yaji. Abin da ya riƙe ni ba soyayyar ba ce, a'a, na ga kamar na san mutanen nan ne, kamar in an cire tekun an sa dajin da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya to labarin unguwarmu ne. Iyaka biyu ce a ciki, guda ta gwamnati guda ta iyaye, kuma ta gwamnatin ita ce mai sauƙin tsallakewa.

Mu fara da ta gwamnatin. A ƙarni na 18 Ingila kusan kullum cikin yaƙi take da Faransa, yaƙi kuwa kuɗi yake ci, ga shi lokacin babu harajin kuɗin shiga, sai a 1799 anka fara shi. To ina za a samo kuɗin? Sai anka ɗora nauyin bisa kayan da ke shigowa ta ruwa, ganyen shayi, taba, barasar Faransa, siliki, leshi. Harajin ganyen shayi sai da ya kai kashi 119 cikin 100, wato kayan jikka 10 sai ka biya ma hukuma kusan jikka 12 kafin ka kai shi kanti, alhali mutanen ƙasar tun daga attajiri har lebura sun riga sun kamu da shan shayi kamar yadda samarinmu sunka kamu da shi a fada. Ga Faransa can tsallake, a inda ruwan ya fi ƙanƙanta, wajen Doba ta Ingila da Kale ta Faransa, bai wuce kilomita 34 ba. Duk wanda ya taɓa sayen litar mai a kwalba a bakin hanya ba sai an yi mishi dogon bayani ba.

Yadda suke aikin ma abin sha'awa ne. Mai kuɗi yana tudu, shi ke zuba jari, ba ya taɓa jiƙa ƙafarshi. Mai jirgi ya tafi Faransa ko Holan ko tsibiran da ke tsakani ya yi lodi, ya dawo a daren da babu wata, na bakin gaɓa su yi mishi alama da fitila in hanya ta yi kyau. In kuma 'yan duwan na kusa sai a ɗaure ƙananan gangunan barasar a igiya guda, a ɗaura musu duwatsu a nutsar a ruwa, a sa alama a tafi, bayan kwanaki a dawo a jawo, su kuma ma'aikata su bi da ƙugiya suna lalube a ƙasan ruwa ko Allah zai sa su dace. Ranar saukar kaya gari guda ke fitowa, masu ɗauka kowa da ganga biyu, guda a ƙirji guda a baya, ga wasu ƙarti da kulake sun yi layi suna gadi, kuma abin da leburan gona zai samu a dare guda yakan kai ko ya zarce ladan aikinshi na mako. Shi ya sa in an kama mutum da wuya a samu mai ba da shaida, kowa ya ci. Hukuma ta yi ta tsananta doka, a 1746 anka ce duk wanda anka samu da makami cikin taron saukar kaya hukuncinshi kisa ne, jirgin da anka kama kuma akan sa zarto a raba shi uku, amma duk wannan bai tsai da komi ba. Abin da ya kashe sumogal ɗin shayi lissafi ne kawai, a 1784 firaminista William Pitt ya sauko da harajin daga 119 zuwa 12.5, ya maida giɓin bisa harajin tagogin gidaje, cikin ɗan lokaci babu sauran riba a kwana cikin ruwa saboda ganye.

Wanga mun gani da idonmu. Shekara da shekaru man Najeriya na da arha saboda tallafi, 'yan ruwa-ruwa na kwasowa ta daji a motoci da babura, bido bisa bido, an kama an kama an gaji, ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi, sai kasuwar ta yi sanyi da kanta ba tare da an harba ko harsashi guda ba. Ni sunan ma ke ba ni dariya, garinmu Maraɗi da teku ke nesa da shi da fiye da kilomita 800 amma 'yan fasa-ƙwabrinshi sunansu ruwa-ruwa. Kafin mai an yi na taba sigari da atamfa, an yi na shinkafa, kaya su sauka a tashar Kwatano da takardar wucewa zuwa Nijar, su kwana a sito a Maraɗi, su wayi gari a kasuwar Kano. An rufe iyakar daga 1984, zamanin Buhari na soja, zuwa 1986, an sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk lokacin da anka rufe ƙofa kuɗin bin taga ne ke ƙaruwa. Kuma mutanenmu ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin sata ba, don Maraɗi ai Katsinawa sunka kafa ta bayan jihadi ya kore su daga birni, sarkinmu har yau Sarkin Katsina ake ce mishi, Faransawa da Ingilishi ne sunka zo farkon ƙarni na 20 sunka kafa duwatsu tsakanin mutum da kawunshi. Wanda ya kai buhu gidan kawunshi ka ce mishi ɓarawo, ai sai ya dube ka.

Kakanninmu kuwa tekun da sunka fi sani shi ne Bahar Maliya. Masu zuwa hajji a ƙasa su bi ta Chadi su ratsa Sudan, wani ya yi shekaru a hanya yana noma yana tara guzuri, in an kai Sawakin wanda ba shi da takardu sai ya bi masu jiragen katako su tsallakar da shi a ɓoye. Mutum ne kayan sumogal ɗin a nan. Wannan wani zance ne na daban, na bar shi zuwa wata rana.

Yanzu iyaka ta biyu, nan ne labarin yake da nama. A Ingilar wancan zamani girma ba a kuɗi yake ba, a ƙasa yake, wanda ya gaji fili da gidan kakanni shi ne mutum, ɗan kasuwa ko ya fi shi kuɗi ana ganin kuɗin nashi na wari. Gado kuma babban ɗa namiji ke kwashe filin duka, ƙanne su nufi soja ko aikin jirgin yaƙi ko coci, ɗiya mace kuwa da dukiyar da uba ya haɗa ta da ita ake neman ta, kuma da zarar an ɗaura aure dukiyar ta koma hannun miji, sai a 1870 da 1882 anka yi dokokin da sunka bar matar aure ta riƙe abinta. Ka ga ke nan in ɗiyar mai ƙasa ta auri ɗan sumogal ba zuciyarta kaɗai ta ba shi ba, ta haɗa mishi da wani yanki na arzikin gidan. Shi ya sa a 1753 majalisa ta yi doka, duk wanda bai kai shekara 21 ba babu aure sai da yardar iyaye. Amma dokar ba ta shafi Sikotland ba, sai masoya sunka riƙa shiga keken doki suna sheƙawa arewa zuwa wani ƙauye da ke kan iyaka, Giretna Girin, a ɗaura musu a gaban shaidu kafin uba ya iso. Ka ga an koma sumogal ke nan, wannan karon amarya ce kayan. Kuma wanda ya yi suna da ɗaura auren nan a ƙauyen wai maƙeri ne, a bisa uwar maƙera, abin da in ka faɗa ma Buzu sai ya riƙe baki, don a wajensu maƙeri ko a mafarki ba ya neman ɗiyar manya balle ya ɗaura mata aure.

Ga inda munafuncin yake. Manyan nan da ke zama alƙalai da rana su ne masu sayen kayan da dare. Akwai wani limamin coci a Nofok mai suna James Woodforde da ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum, a 1777 ya rubuta yadda ɗan sumogal ya kawo mishi jakar ganyen shayi wajen ƙarfe 11 na dare, har ya ɗan tsorata su da fito a gindin taga suna shirin kwanciya. Malamin addini fa, ya rubuta abinshi hankali kwance kamar wanda ya sayi goro. To mai gari zai sha shayin saurayin, matarshi za ta sa leshin da ya kawo, zai ma kau da kai ranar saukar kaya, amma ranar da yaron ya shigo ta ƙofar gaba da hula a hannu yana neman ɗiya, ranar ce zai tuna cewa akwai doka.

Ina da aboki da munka yi lakwal tare, ba zan faɗi unguwa ba. Ubanshi mahauci ne, kakanshi ma haka. Shi bai taɓa riƙe wuƙa ba, ya yi ruwa-ruwa shekaru, Allah ya tsare shi ya tara abin da ya tara ya fita, ya buɗe kanti ya gina gida ya kai mahaifiyarshi Makka. Ya ga yarinya a wani gidan da ke da jinin sarauta, ita ma tana sonshi, azumi biyu yana aika buhun sikari da shinkafa da kwalin madara kuma ba a taɓa maido ko gwangwani guda ba, uban yarinyar in sun gamu a masallaci har da alhaji ƙarami yake ce mishi. Da manya sunka je neman iri sai anka ce a ba su lokaci za su yi bincike. Binciken mi, gari guda, kowa ya san kowa? Bayan wata biyu anka aiko cewa wai an riga an yi ma ɗan baffanta alkawari tun tana ƙarama. Babu wanda ya ambaci ruwa-ruwa ko sau guda, wallahi da shi ne matsalar da sun faɗa, abin da ba a iya faɗa shi ne wuƙar da bai taɓa riƙewa ba.

Nan ne nake ganin mun bambanta da Turawan labarin, kuma bambancin ya fi ban mamaki. A wajenmu kasuwanci ba abin kunya ba ne, gado ne mai daraja, alhazan Maraɗi da yawa daga yaron gida sunka fara, bara a hannun ubangida, ana aiken shi Kano da amana ba takarda, ya yi gaskiya a ɗora shi bisa jari, ya je hajji ya dawo ya gina masallaci, cikin rayuwa guda ya zama wanda sarki ke tashi ya tarba, ɗiyan sarauta kuma su shiga gidanshi da guɗa. Babu mai tambayar ta wace hanya kamiyo na farko ya bi. Har a Ingilar ma an yi irin wannan wankan, Harry Carter na Konwol ya yi shekaru yana tuƙa jirgin sumogal daga baya ya tuba ya koma mai wa'azi. Wato kuɗi da ibada suna wanke fasa-ƙwabri tas, don laifi ne tsakaninka da gwamnati, ita kuwa gwamnati baƙuwa ce a zuciyar mutane. Amma ba sa wanke ɗan mahauci ko ɗan maroƙi ko wanda ake raɗe-raɗin kakanshi bawa ne, don wannan lissafin jama'a ne ke riƙe da shi, tsofaffin mata ne duwan ɗinshi, kuma ba a ba su cin hanci. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ji su, in ta bi akushi ta fashe.

Abin haushin shi ne mu da muke cewa Malikiyya muke bi, a mazhabar nan abin da ake dubawa wajen dacewar miji addini ne da hali da lafiya daga aibi, ba a jingina shi bisa dangantaka ba kamar yadda wasu mazhabobi sunka yi. Kowane malami ya san hadisin wanda kunka yarda da addininshi da halinshi ku aurar mishi, kowa ya san Zaidu ɗan Harisa 'yantaccen bawa ne anka aura mishi Zainab ɗiyar gwaggon Annabi. Ana karanta wannan a wa'azin ɗaurin aure, na ɗiyar wani.

Su kansu marubutan labaran nan tsoron katangar suke, ku lura da kyau. Ana kusa da ƙarshe sai wata tsohuwa ta fito da zobe ko wasiƙa, ashe jarumin ɗan babban gida ne da anka ɓatar tun yana jariri, ko ƙanen wani mai sarauta ne da anka cuta a gado, ko kuma dama jami'in sirri ne na sarki yake shigar burtu. Sai uba ya rungume shi a sha biki. To ina soyayyar da ta tsallake asali a nan? Ba ta tsallake komi ba, takarda anka samo mishi. Mu ma haka muke yi a tatsuniya da littattafan soyayya da finafinanmu, almajirin da gimbiya ta so dole a ƙarshe ya zama ɗan sarkin wani gari, ko mai wankin mota ya zama ɗan attajirin da ke gwada 'yan mata. Mai karatu ya samu daɗin tawaye, ya kuma kwana da imaninshi cewa jini ba ya ƙarya.

Sannan a duba wa ke biyan kuɗin. Namiji babba ya auri ta ƙasa da shi ba labari ba ne, kullum ana yi, har akwai mummunan nau'inshi da ake kira wahaya a wajen Ƙonni da Madawa, a sayi yarinya a aje ta bayan mata huɗu ba sadaki ba 'yanci. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, amma Hadijatou Mani da anka sayar tana shekara 12, da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so sai da anka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure, sai a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ta gaskiya ta ce gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. In kuwa mace ce a sama namiji a ƙasa, ita ce za ta rasa ɗakin uwa, ranar da ta yi yaji ba ta da inda za ta, 'ya'yanta kuma sunan gidan uba za su ɗauka har abada. Labarin yakan ƙare ne jirgi na barin gaɓa iska na kaɗa gashinta, ba a nuna mana shekara 5 bayan nan, miji na teku ko yana kurkuku, ita tana ɗakin haya da goyo.

Jarumin ma an yi mishi kwalliya da yawa. Ƙungiyar sumogal da ta fi suna a kudancin Ingila ita ce ta Hokhas, a Oktoban 1747 sunka fasa gidan duwan na garin Pul da dare sunka kwashe shayinsu da anka kama, a hanyar komawa guda daga cikinsu ya ga wani baduku da ya sani mai suna Daniel Chater cikin 'yan kallo ya jefa mishi ƙunshin shayi. Wannan kyautar ce ajalinshi. Da hukuma ta gane ya san mutum sai anka haɗa shi da wani tsohon ma'aikacin duwan William Galley su je ya ba da shaida, a Fabrairun 1748 'yan ƙungiyar sunka tare su a wani masauki, sunka ɗaure su bisa doki suna bulala, Galley anka turbuɗe shi a rami, Chater anka jefa shi rijiya anka bi shi da duwatsu. Wannan kisan ne ya juya zuciyar jama'a, a 1749 anka rataye da yawa daga cikinsu har da shugabansu Thomas Kingsmill. Babu mai sa wannan a labarin soyayya. Mu ma in ana hirar ruwa-ruwa a fada ana ta kuranta direban da ya tsere ma 'yan duwan a guje ba fitila, ba a cika tuna yaran da sunka ƙone ƙurmus da bido a bayan babur ba, ko wanda anka buge a bakin hanya, kuma hanyoyin dajin da shinkafa da mai sunka buɗe su ne yau ƙwaya da bindiga ke bi, mutanen ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji da ake sace ma dabbobi da mutane sun fi ni sani. Mai jarin kuwa yana gida cikin sanyin kilim, ko a Ingila ko a nan, ba shi ake kamawa ba.

Duk da haka ban hana ƙanwata kallonta ba, nima sai da na ƙarasa, kuma na ji daɗi da anka yi auren, ƙarya ba kyau. Washegari muna karin kumallo na ce mata to ke yanzu in wani yaro ɗan ruwa-ruwa ya zo, kyakkyawa, mai kirki, mai sallah, yana sonki kamar ranshi, kina aurenshi? Ta yi shiru tana juya cokali cikin koko, can ta ɗago ta ce, yaya, ɗan gidan wa ne?